Burtu da Maɓoya: Yadda Maharbi Ke Kusantar Barewa

Idan kaka ta wuce aka kwashe amfanin gona, mutanen Zabi da Samaru da sauran ƙauyukan Sabon Gari sun saba ganin ayarin mafarauta: mota maƙare da samari da karnuka, ga gora ga adda, ga ganga ga kirari. Wannan farautar taron dangi ce, dabararta a firgita nama ya tashi karnuka su bi shi. Akwai wata sana'ar da ta saɓa mata ta kowace fuska, wadda yau sai an tona ake samun mai yin ta, wato harbi da kwari da baka. Maharbi shi kaɗai yake fita, kuma duk ranar da nama ya san da zuwansa, ranar zai koma gida hannu rabbana.

Dalili kuwa, kibiya ba ta da dogon zango. Mai baka yana bukatar nama ya matso kamar mita 20 zuwa 30 kafin ya saki da tabbaci. Kuma ƙara ta fi kibiya sauri: sauti yana cin kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, alhali bakan zamani mai ƙafafun juyi, irin wanda Holless Allen ya yi wa rajista a Amurka a 1969, bai cika wuce mita 100 ba, namu na gargajiya ma bai kai haka ba. Ke nan ƙarar tsirkiya tana riga kibiya isa kunnen barewa. In dama a tsorace take, za ta durƙusa ta zabura, kibiya ta wuce ta saman gadon bayanta. Shi ya sa maharbi ba ya harbin naman da ya miƙe wuya ya kafe kunnuwa. Yana jira ya sunkuya ya ci gaba da kiwo.

Barewa da gada da mazo suna da masu gadi uku: hanci da kunne da ido. Mutane sun fi damuwa da ido, amma hanci ne babba. Ana iya ruɗin ido, ana iya yi wa kunne shiru, amma warin mutum ba ya ɓuya, balle an haɗa da sabulu mai ƙamshi, ko turare, ko taba, ko hayaƙin girki da ya kama riga. Maganinsa ɗaya ne, iska ta taso daga wajen nama ta bugi fuskarka. A ƙasar Zazzau lissafin bai da wuya: da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, da damina kuma daga kudu maso yamma. Sai dai a fadama, irin ta Galma ko Kubanni, iskar ƙasa tana da nata hali. Da rana ta faɗi iska mai sanyi takan gangara kwari, da hantsi ya ɗaga ta koma sama. Wanda ya zauna a kan tudu da almuru yana kallon mashaya a ƙasansa, ya riga ya aika wa nama saƙon zuwansa. Domin haka tsofaffin maharba ba sa rabuwa da ɗan ƙunshin toka: a ɗiba da yatsu biyu a saki, a ga inda ta nufa.

Idon waɗannan dabbobi a gefen kai yake, suna hango kusan kowane ɓangare ba tare da sun juya ba. Ba su kai mu rarrabe launi ba, amma motsi komai ƙanƙantarsa ba ya wuce su. Aikin maɓoya ke nan, ta rufe motsi, musamman na jan baka, wanda shi ne mafi girma kuma a lokacin da nama ya fi kusa.

Maharban Amurka masu bin barewarsu mai farar wutsiya suna ɗaukar wata 'yar rumfar yadi da ake naɗewa a goya, a buɗe ta cikin minti kaɗan. Cikinta baƙi ne, mai harbin ma baƙaƙen kaya yake sawa, ya zauna can baya nesa da taga, ya rufe tagar da ke bayansa don kada haske ya fito da surarsa. Amma su ma sun gane cewa nama ya san dajinsa kamar yadda uwargida ta san ɗakinta: sabon abu ya bayyana dare ɗaya, sai ya kauce wa wurin. Saboda haka suna kafa rumfar kwanaki kafin ranar harbi, a jikin kurmi ba a tsakiyar fili ba, su lulluɓe ta da rassan wurin, su share busassun ganyaye daga ƙarƙashin ƙafa. Maharbinmu da ke kwanto a bakin mashaya da rani, bayan ya karanta sawu da kashi, wannan ƙa'idar yake bi da ciyawa da ƙiraren da ya tarar.

A ganina, dabarar kakanninmu ta fi wannan zurfi. Maimakon su ɓuya, sai suka zama abin da nama ya saba gani. Burtu babban tsuntsu ne baƙi mai yawo a ƙasa yana tsintar ƙwari da ƙadangaru, dabbobin dawa ba sa gudunsa. Maharbi yakan sami kan burtu da bakinsa, ya ɗora a kan lanƙwasasshen icce, a rufe da fata, wani lokaci a yi masa ado da jajayen 'ya'yan idon zakara. Ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin mayafi, ya shiga ciyawa da rarrafe. Yana tafe yana sunkuyar da kai yana ɗagowa kamar mai tsinta, ba ya miƙe hanya zuwa wurin nama, sai ya riƙa karkacewa yana tsayawa. In barewa ta ɗago, tsuntsu ta gani yana neman abincinsa. Hausawa da Nufawa sun shahara da wannan, kuma irin waɗannan kawunan suna ajiye a gidajen tarihi na Turai. Kibiyar kuwa ta kyauro ce mai bakin ƙarfe, a da ana shafa mata dafin kwankwani mai tsayar da zuciya, shi ya sa ake yanke naman da ke kewaye da raunin a zubar.

Sai dai wanda zai yafa mayafin burtu a bayan Zabi yau, gonakin masara da sababbin gine-gine zai ratsa. Abin da ya rage galibi zomo ne da gafiya da fakara. Barewa mai jan goshi ta shiga jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu, shi kansa burtun haka. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta ware waɗanda aka hana taɓawa da waɗanda sai da lasisi, kuma dajin Kamuku na Birnin Gwari, da ya zama gandun ƙasa a 1999, an haramta harbi a cikinsa gaba ɗaya. Masu nazarin dabbobi da masu ɗaukar hotonsu, su ne yanzu suka fi bukatar sanin inda iska ta nufa da yadda ake zama a maɓoya.