Ƙarar "ƙas-ƙas" idan mota ta sha kwana: sanadi da magani

Direbobi da dama sun san wannan ƙara. Mota na tafiya lafiya a miƙaƙƙiyar hanya, amma da an karya kwana sai a ji "ƙas-ƙas-ƙas" daga ƙafar gaba. Galibi laifin kardan ne, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa taya a motoci masu ja da gaba, irin su Toyota Corolla.

Mahaɗar kardan ta bakin taya tana cikin wata roba cike da giris, wadda makanikai a Nijar da Kamaru ke kira sufle. Idan robar ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga, sai ƙarafan ciki su fara cinyewa.

Gwajin ba wuya. A samu fili, a murɗa sitiyari har ƙarshe, a zagaya a hankali, gaba da baya. Idan ƙarar ta ƙaru, a leƙa bayan taya. Baƙin giris da ya fantsama shi ne shaida.

Robar da ta yage kafin ƙara ta fara, canjin roba da sabon giris sun isa. In kuwa ƙarar ta riga ta fara, sai an canja kan kardan ko sandar gaba ɗaya. Ƙarin giris ɓoye cutar kawai yake yi.

Amma idan "ƙum" ɗaya ake ji a kwana ko a rami, a sa makanike ya ɗaga motar ya duba rotul. Wannan ba ya son jinkiri, domin in ya tsinke, taya na iya karyewa ana cikin gudu.