Tace Daftari Kafin Miƙawa: Darasi daga Nazarin Hausar Damargu

Ɗalibai da yawa suna ɗaukar tace daftari a matsayin farautar kurakuran rubutu kawai. A kimiyyar harshe aikin ya wuce haka, domin a kowane kundi akwai murya biyu: ta marubuci da ta mutanen da aka ɗauko maganarsu. Ta farko ake gyarawa, ta biyu kuwa amana ce. Bari mu ɗauki misalin ɗalibin da ya tattaro bayanai a Damargu, wato yankin Tanut da Belbeji a arewacin Damagaram, inda Hausa ke zaune tare da Buzanci, Barbarci da Fulatanci.

Matakin farko shi ne duba ginin hujja. A ajiye daftarin na wasu kwanaki, sannan a karanta jimlar farko ta kowane sakin layi a jere. Idan jimlolin ba su kai mai karatu daga tambayar bincike zuwa sakamako ba, akwai gyara a tsarin. Duk sakin layin da bai taimaki tambayar ba a cire shi, komai wahalar da aka sha wajen rubuta shi. A nan ne kuma ake rage girman iƙirari: wanda ya yi hira a kasuwar Tanut kaɗai ba shi da hurumin cewa haka duk mutanen Damargu ke magana.

Mataki na biyu ya shafi misalai, kuma a nan gyara ya fi yin ɓarna. Idan mai ba da bayani ya ce lakwal ko mushe, kalmomin da Hausar Nijar ta aro daga Faransanci, kada a mayar da su makaranta da malam don su dace da daidaitacciyar Hausa. Wanda ya yi haka ya share abin da ya je nema. A koma ga sautin da aka naɗa, a gwada kowane misali da shi. A kuma sa alamar karin sauti da tsawon wasali, tunda rubutun yau da kullum ba ya nuna su. Kalmar fari ta isa shaida: tana iya nufin launi, ko ƙarancin ruwan sama, ko jam'in fara. A ƙasar noman gero irin Damargu, manomin da ya ce fari ya cinye gonarsa yana iya nufin ɗaya daga biyun ƙarshe, kuma alamomin nan ne za su raba gardama.

Mataki na uku shi ne sunaye da shekaru. Taswirori da takardun hukuma suna bin rubutun Faransanci: Tanout, Belbédji, Damergou. Haka sunayen suke fitowa a mafi yawan ayyukan tarihi, irin littafin André Salifou na 1971 kan sarautar Damagaram. Mai rubutu da Hausa ya zaɓi siga ɗaya, ya bayyana ta a gabatarwa, ya tsaya a kanta har ƙarshe. A kula da iyakoki ma: sai a 2011 aka ware Belbeji daga Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta, don haka alƙaluman Tanut na kafin wannan shekara sun haɗa da Belbeji.

Sai a ƙarshe a zo kan ƙa'idojin rubutu. Nijar tana amfani da harafin ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, kuma cakuɗa su a shafi ɗaya alamar sakaci ce. A bi baƙaƙe masu lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, domin kafa daban, ƙafa daban. A haɗe yana da suka, a raba za su da ba ya. Karanta aikin da babbar murya yakan tona jimlar da ta yi tsawo fiye da kima.

Dalilin wannan jeri a fili yake: babu amfanin goge jimlar da za a cire gobe. Kafin a kai wa malami mai duba aiki, a ba wani abokin karatu, zai fi kyau ɗan yankin, ya karanta misalan kaɗai ya faɗi ko haka ake magana a garinsu.