Tumatirin Kwalba: Kuskuren Da Na Tafka A Karon Farko

Duk uwargidan da ke cefane a Gumel ta san halin tumatir. Daga Janairu zuwa Maris, idan kayan noman rani suka fito daga fadamun Haɗeja, ya yi ta araha har a riƙa zubar da ruɓaɓɓe a bakin kasuwa. Damina na sauka sai ya zama na wane da wane. Waɗanda suka ga 2016, shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki a Kano da Jigawa da Kaduna, ba su manta miyar da ba ja ba.

Shi ya sa bara na ce ni ma sai na koyi adana shi a kwalba. Na sayo kwando guda, na markaɗa da tattasai da attaruhu da albasa, na dafa, na ɗura, na zuba mai a sama kamar yadda na gani a Facebook. Kwana tara, murfin kwalba biyu ya kumbura. Maƙwabciyata ta ce, "Maman Ummi, zubar da biyun nan, sauran ai lafiyarsu ƙalau." Duka na zubar, raina na ƙuna, domin a matsayina na ma'aikaciyar jinya na san abin da nake tsoro.

Akwai ƙwayar cuta a cikin ƙasa mai suna Clostridium botulinum. Tafasar ruwa ba ta kashe irinta, kuma inda babu iska ta fi so, wato cikin rufaffiyar kwalba. Dafin da take fitarwa yakan zo babu wari babu canjin ɗanɗano. Wanda ya ci, galibi cikin awa 12 zuwa 36 sai ya fara gani bibbiyu, fatar ido ta sauko, haɗiya ta gagara, daga nan numfashi. Wannan ba na jiƙe-jiƙe ba ne, asibiti ake nufa nan take.

Abin da ke hana ta tsiro shi ne tsami. Tumatir tsaminsa a bakin iyaka yake, to da kin haɗa shi da albasa da tattasai kin ƙara rage shi. Nan na yi kuskure. Irin wannan haɗin, da nama da wake, sai tukunyar matsin tururi ta musamman mai kai zafi 121, wadda yawancinmu ba mu da ita. Man da na zuba kuma bai kare komai ba.

Ga yadda nake yi yanzu. Tumatir zalla, nunanne, mara tabo. Wanda ya fara laushi a yi miyar yau da shi. Ki wanke, ki markaɗa, ki dafa ya tafasa sosai. Kwalaben gilashi, irin na bama, ki wanke su ki bar su cikin ruwan zafi, ki duba bakinsu babu tsaga, murfin babu tsatsa. A kowace kwalba mai lita ɗaya ki sa rabin ƙaramin cokali na ɗan tsami, garin nan da masu zoɓo ke amfani da shi, ko babban cokali 2 na ruwan lemun tsami. Kada ki yi wannan awon da ido. Ki ɗura tumatirin da zafinsa, ki bar kamar faɗin yatsa a sama, ki goge baki, ki rufe.

Sai ki shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya, ki jera kwalaben, ruwan zafi ya shanye kansu da kamar yatsa biyu. Minti 50 za ki ƙirga, daga lokacin da ruwan ya fara tafasa, ba daga ɗora tukunya ba. Ki fito da su, kada ki taɓa sai gobe. Murfin da ya lotsa ciki ya kama. Wanda ke motsi idan kin danna, a ci shi a ranar.

Ki rubuta kwanan wata, ki ajiye inda rana ba ta kaiwa, ki cinye cikin shekara. Ranar da kika buɗe, ya tafasa aƙalla minti 10 a miya kafin kowa ya ɗanɗana, har da yaran da ke son lasar cokali.

Tattasai da attaruhu kuwa na koma wa hanyar iyayenmu: na yanka na shanya, rana ba ta yi mana rowa a nan. Bana kwalba goma sha huɗu na jera a ƙarƙashin gado, kuma na riga na yi wa ƙanwata da ke aure a Sule Tankarkar alkawarin uku.