Masu ciwon emasi da maganin masassara: abin da ya kamata uwa ta sani

Duk shekara da zarar damina ta zauna, Gulbin Maraɗi ya kawo, fadamun Jiratawa sun cika da ruwa, tambaya guda ce iyaye mata ke yawan aiko mana a gidan rediyo: yaro mai ciwon emasi, wanda 'yan Najeriya ke kira sikila, zai iya shan maganin masassarar cizon sauro irin na kowa? Tsoro kan sa wasu su riƙe yaro a gida kwana biyu ana ba shi jiƙo da farasitamol. To, wannan jinkirin ya fi maganin haɗari.

Amsar ita ce zai iya sha. Tun 2005 Nijar ta bar nivakin, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, ta koma ga haɗin magani irin su Coartem. Mai emasi na shan sa kamar kowa: sau shida cikin kwana uku, da nono ko abinci mai maiƙo, bayan an soki yatsa an tabbatar masassarar ce. Kada a ruɗe mu da zancen wai masu emasi sauro ba ya kama su. Mai jinin AS ne ke da 'yar kariya daga masassara mai tsanani. Mai SS kuwa jininsa dama kaɗan ne, masassara na iya ƙarar da shi cikin kwana ɗaya, ta kuma tayar masa da ciwon ƙashi.

Inda ake son lura shi ne Fansidar. Yana cikin maganin rigakafin da ake bi gida gida ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 a damina, aikin da aka fara a ƙasar nan a 2013, shi ne kuma ake bai wa masu ciki wajen awo. Masu emasi da yawa na shan ƙwayar ƙarin jini ta folik mai miligiram 5 kullum, wadda ke rage ƙarfin Fansidar. Yaron da ke shan Bactrim ma ba a haɗa masa da shi. Kada ki tsayar da komai da kanki, Hajiya. Ki faɗa wa ma'aikacin lafiya, shi zai tsara.

Akwai kuma wata matsalar jini ta gado da ba a cika sani ba, likitoci na ce mata ƙarancin G6PD. Ta fi kama maza, kuma mai ita lafiyarsa lau har ranar da ya sha abin da jininsa bai ɗauka. Saboda ita aka janye maganin masassara mai suna Lapdap daga kasuwa a 2008. Primaquine ma sai da umurnin likita. Har kafur ɗin da muke sa wa cikin tufafi, da lallen da ake shafa wa jarirai, na iya fasa jinin irin wannan yaro. Alamunsa: fitsari ya koma kalar shayi mai kauri, ido ya yi rawaya, tafin hannu ya yi fari, yaro na haki. Aka ga haka, sai likita a daren nan.

Shi ya sa muke jin takaicin maganin tire da ake yawo da shi a babbar kasuwa da ranar kasuwar Tibiri. Mai tallar maƙwabcinmu ne, neman abincinsa yake, amma bai san jinin ɗanki ba, ƙwayoyin kuma sun sha rana, wasu ma babu kwalinsu.

In masassarar ta yi tsanani har aka kwantar da yaro aka yi masa allurar artesunate, ita ce ta fi ceto rai. Sai dai jini kan iya sake faɗuwa mako ɗaya zuwa uku bayan sallama, ko da yaro ya koma wasa. A mayar da shi a auna jinin, a tafi da karnensa a hannu.