Abin Da Gwajin Jini Ke Nunawa Game Da Cutar Korona

A cikin jinin kowane mutum akwai jajayen ƙwayoyi da farare. Fararen su ne sojojin jiki, masu yaƙi da cuta. Daga cikinsu akwai wani iri da likitoci ke kira limfosait. Aikinsu shi ne gane ƙwayar cuta, su hallaka ta, su kuma tuna da ita don gaba.

Cutar korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen shekarar 2019. Ta iso Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 2020, ta Legas. A watan Maris na shekarar ta shigo Jihar Kaduna.

Tun da wuri likitocin Sin suka bincika majinyata 1,099. Sai suka tarar fiye da mutum 8 cikin 10 limfosait ɗinsu sun ragu. Waɗanda ciwon ya fi tsananta gare su, nasu sun fi raguwa.

Babban mutum mai lafiya yana da limfosait 1,000 zuwa 4,800 a cikin wani ɗan ma'aunin jini da bai kai ɗigo ba. In suka yi ƙasa da 1,000, to akwai ƙaranci. Ke nan sojoji sun yi kaɗan, cuta kuwa na iya samun ƙofa. Shi ya sa likita zai ƙara sa ido a kan majinyacin, wataƙila ya kwantar da shi.

Amma ƙarancin limfosait ba ya nufin lalle korona ce. Ƙanjamau da tarin fuka da ƙyanda da tamowa duk suna jawo shi. Likita ne kaɗai zai haɗa sakamakon da sauran alamu ya gane.

Mutanen Unguwar Gabas da Samaru da Sabon Gari suna kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Can ana yin wannan gwaji da ɗan jini kaɗan.

A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona, amma cutar ba ta ƙare ba. Tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini su suka fi shiga haɗari. In zazzaɓi da tari suka haɗu da sarƙewar numfashi, kada a tsaya sayen magani a kyamis. A garzaya asibiti.