Baƙin Ɗigo A Fuskar Sabuwar Kwamfuta: Wa Zai Ɗauki Asarar?

Idan kakar tumatir ta kankama a Kwanar Gafan, ko manoman Kadawa suka sayar da shinkafa, kuɗi kan shigo gidajen Kura da Bunkure a dunƙule. Cikin abubuwan da iyaye ke saya yanzu har da kwamfutar tafi-da-gidanka, domin tun 2015 a kan kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, kuma babu uban da ke son ɗansa ya fara taɓa madannai a ranar jarrabawa. Sai a shiga Kano, a nufi Farm Centre ko titin Beirut, a biya, a dawo. Bayan kwana biyu yaro ya ce, "Baba, akwai wani ɗigo a nan." A goge da tsumma, ɗigo yana nan daram.

Fuskar kwamfuta tarin ƙananan ɗigogi ce. Wadda ake kira Full HD tana da 1920 a kwance, 1080 a tsaye, jimilla 2,073,600. Kowane ɗigo kuma ya kasu uku, ja da kore da shuɗi, kowanne da ɗan makunninsa. Makunni sama da miliyan shida ke nan a faɗin da bai wuce faifai ba. Idan ɗigo ya mutu, sai ya zauna baƙi ƙirin kome aka nuna. Wani kuwa maƙalewa yake yi, ya tsaya a ja ko kore yana ƙyalli. Mai maƙalewa yakan warware wani lokaci idan aka kunna manhajar da ke sauya launuka da sauri a wurin. Mataccen ba ya tashi, sai dai a canza fuskar gaba ɗaya.

Abin da ke ba mutane haushi shi ne, a wurin yawancin kamfanoni ɗigo ɗaya ba aibi ba ne. A 2001 hukumar ISO ta fitar da ƙa'ida mai lamba 13406-2 da ta raba fuskoki aji-aji. Aji na biyu, wanda kayan kasuwa suka fi faɗawa, ya yarda da ɗigo biyu masu haske, biyu baƙaƙe, da ƙananan ɓangarori biyar masu lahani a kowane miliyan ɗaya. An sauya ƙa'idar daga baya, amma tunanin bai sauya ba: kowane kamfani yana da adadin da sai an kai shi zai canza maka. Akwai masu sassauci, kamar Dell da ke canza wasu allunanta na UltraSharp ko da ɗigo ɗaya mai haske ne, sai dai wannan na masu tsada ne. A ganina adalcin bai cika ba. Ɗigon da ke can gefe daban, wanda ya zauna a tsakiya inda yaro ke karatu daban. Mu da ke shigar da bayanan marasa lafiya mun san bambancin 2.5 da 25 ɗigo ɗaya ne tak.

Ga kuma wata: yawancin kwamfutocin da ke shigowa gidajenmu na hannu ne daga Turai da Amurka, garantinsu ya ƙare tun can. Wanda ya rage maka shi ne mai shago, mai "garantin sati ɗaya" na fatar baki. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta ba mai saye damar mayar da kaya masu lahani cikin wata uku, a gyara, a canza, ko a mayar masa da kuɗi, kuma rubuta "ba a dawo da kaya" a bango bai soke wannan ba. Jihar Kano ma tana da tata hukumar. Amma idan an nuna maka lahanin ka amince, ko babu rasit a hannunka, maganarka ta yi rauni.

Shi ya sa gwajin minti biyar a cikin shago ya fi zaryar mota daga Bunkure. A goge fuskar tukuna, don ƙurar hunturu tana kama da ɗigo. A ƙure haske, a buɗe farin shafi ya cika fuska, a bi shi da ido kusurwa-kusurwa; baƙin ɗigo a nan yake tonuwa. Sannan a sa baƙi, mai maƙalewa zai fito kamar tauraro. A bi da ja, kore, shuɗi. A tafi da yaron, idonsa ya fi na mahaifinsa.

A sa mai shago ya rubuta lambar kwamfutar a rasit, da kwanakin da ya yarda a dawo da ita idan ɗigo ya fito. Wajen komawa gida kuma kada a cusa ta a but tsakanin buhunan taki. Tabon da dannewa ta haifar babu kamfani ko ɗan kasuwar da zai karɓa.