Lita Shida a Takarda, Nawa a Hanyar Dakoro?

A tashar Dakoro ba a tambayar direba lita nawa motarsa take sha. Cewa ake yi, "Na nawa kake zubawa zuwa Maradi?" Shi kuma ya amsa da kuɗi: na jika biyar, na jika shida in akwai kaya. Da kuɗi muke auna mai, kuma tun daga nan lissafi yake karkacewa, domin jika biyar ta bara ba ita ce ta bana ba, ta famfon gidan mai kuma daban take da ta kwalaben ƴan ruwa-ruwa. Sai mutum ya shekara uku da mota bai san cikinta ba. Abin da ya riƙe kawai shi ne maganar dillalin da ya sayar masa: "Alhaji, wannan ai shinshinar mai take yi, lita shida ta kai ka kilomita ɗari."

Ba lalle ne dillalin ya yi ƙarya ba. Lambar tana nan a takardun kamfani. Abin da bai faɗa ba, wataƙila don shi ma bai sani ba, shi ne inda aka samo ta.

A cikin ɗaki aka samo ta. Ana ɗora motar a kan wasu manyan ƙarafa masu juyawa, tayoyi suna gudu amma motar tana nan inda take, direban gwaji yana bin layin da kwamfuta ta zana masa: nan ka taka, nan ka sassauta, nan ka tsaya. Tsohon gwajin Turai da ake kira NEDC, wanda da shi aka auna galibin ƙananan motocin da suke zo mana na hannu, tafiyar kilomita 11 ce a cikin kusan minti 20, matsakaicin gudunta wajen kilomita 34 a awa. Zafin ɗakin tsakanin digiri 20 da 30 yake. Na'urar sanyi a kashe, fitilu a kashe, ba fasinja, ba buhu, ba rami ko ɗaya. Duk wanda ya taɓa tuƙi a Dakoro a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 sitiyari ya ƙi taɓuwa, ya san wannan ɗakin ba ƙasarmu ba ce.

Su kansu Turawan gwajin bai yi musu daidai ba. Wata cibiyar bincike mai suna ICCT ta yi shekaru tana kwatanta lambar takarda da abin da masu motoci suke zubawa da gaske, ta ga ratar da ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba a 2001 ta kai wajen kashi 40 a 2016. Kamfanoni sun ƙware wajen shirya mota ta ci jarrabawa, kamar ɗalibin da ya haddace tambayoyin bara. Dalilin da ya sa ke nan aka kawo sabon gwaji, WLTP, daga Satumbar 2017: minti 30, kilomita 23, gudu har 131 a awa. Ya fi na da gaskiya, amma da Tarayyar Turai ta duba bayanan da motocin kansu suke adanawa, rahotonta na 2024 ya nuna har yanzu motocin fetur da na gazuwal suna shan kusan kashi 20 fiye da abin da aka rubuta. Wannan fa sababbin motoci ne, a kan titunan da ba su san yashi ba.

To ina ga tamu? Tsohuwar Starlet, wadda har gobe take aikin haya a garuruwanmu, tun 1999 Toyota ta daina ƙera ta. Ƙaramar cikinsu ta haura shekara 25. Corolla da Yaris da suke sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome, ko Kwatano kafin a rufe iyaka a 2023, sun gama rayuwa guda a wata ƙasa kafin su fara ta biyu a nan.

Duk da haka, a kan kwaltar da ta haɗa Dakoro da Maradi, tafiyar wajen kilomita 120, ƙaramar mota mai lafiya tana iya kusantar lambar takardarta, in direba ya bar ta. Matsalar ƙafarsa ce. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa take yi: wanda ya tashi daga 80 zuwa 110 ya kusa ninka ƙarfin iskar da motarsa take faɗa da ita, kuma abin da ya samu a tafiyar duka bai wuce minti 25 ba. In aka ɗaure kaya a rufi, katifa da kwanuka da buhun gawayi, motar ta zama kamar mai gudu da faifai a ƙirji.

Sai nauyi. Starlet ba ta kai kilo 900 ba in ba kowa a ciki. Ranar kasuwa a zuba mata mutum shida, a cusa buhun hatsi biyu a but har ya ƙi rufuwa a ɗaure da igiya, an ƙara mata fiye da rabin nauyinta. Injin mai lita 1.3 ne zai ja wannan duka, kuma duk tsayawa a shingen jami'an tsaro ko a ɗauki fasinja a bakin hanya, sai ya sake tayar da nauyin daga farko.

Amma inda maganar dillali take mutuwa gaba ɗaya shi ne inda kwalta ta ƙare. Wanda ya nufi arewa, wajen Bermo da Gadabeji, ko ƙauyukan kwarin Tarka, ya san abin da nake nufi. A cikin rairayi mota ba ta wuce giya ta biyu, wani wurin ma ta ɗaya. Injin yana kuka kamar ana gudun ɗari, ƙasa kuwa ba ta tafiya. Direba ya rage iskar taya don kada ta nutse, wanda daidai ne, amma taya mai laushi jan mai take yi, kuma da yawa in sun dawo kan kwalta ba sa tsayawa wurin mai faci a mayar da iskar, haka za su yi mako suna yawo. In ta kafe kuwa, tayoyin gaba suna ta watsa yashi, fasinjoji suna turi suna salati, mai yana ƙonewa ba a ci ko taku ɗaya ba. A irin wannan hanyar, Hilux ɗin da ake zargi da haɗama tana iya fin ƙaramar mota arha, domin ita wucewa take yi. Ƙaramar mota ƴar kwalta ce. Wanda sana'arsa take cikin daji ya sayi Starlet don tsimin mai, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Akwai kuma abin da muke yi wa motar da hannunmu. Na taɓa kai tawa gareji saboda allurar zafi tana ɗan hawa. Makaniken ya kwance wani bututu, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai siffa kamar murfin kwalba, ya jefa a cikin tire. "Malam, wannan na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ruwanmu da shi." Ya haɗa fanka kai tsaye, da an tayar da mota sai ta kama juyawa. Allura ta sauka, na biya ina godiya. Sai daga baya na fahimci cewa ɗan ƙarfen, tamostat, aikinsa riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 80 zuwa 90. In babu shi, musamman da asubar hunturu, kwamfutar motar tana ɗauka injin bai ɗumama ba, sai ta yi ta ƙara masa mai. Ciwon gaskiya kuwa lagireto ne da ya toshe, wanki kawai yake so. Haka ake yi wa ƴar na'urar da take shinshinar hayaƙi a salansa: in ta mutu, fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba, sai a liƙe fitilar da baƙin salatif. Kwamfuta ta koma zuba mai da ka.

Ƙurar hunturu ma tana da nata kaso, amma ba yadda ake zato ba. A tsohuwar mota mai kafireto, matatar iska in ta toshe, shan mai yana hawa nan take. A mai kwamfuta, ƙarfi ne yake raguwa, sai direba ya ƙara taka totur ya rama. Wasu kuma don tsimi suna kashe injin a gangara, ba su san motar zamani da kanta take yanke mai in an ɗaga ƙafa tana cikin giya ba, kashe injin kuwa ƙarfin birki yake tafiya da shi. Wannan ba tsimi ba ne, ganganci ne da rayukan mutane.

A da duk wannan bai dami kowa sosai ba, saboda man Nijeriya mai tallafi yana kwararowa ta iyakar Maradi, ana sayar da shi a kwalba ƙasa da farashin famfo. Ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, garaɓasar ta tafi. Jama'a suka koma gidajen mai, nauyi ya hau kan matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana. A Yulin 2024 gwamnati ta sauke litar isansi daga 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma guda, amma a Maris na 2025 mun ga layukan mai da ba mu saba gani ba. Tun daga lokacin, sanin cikin mota ya daina zama surutun masu son lissafi.

A ɗauki farashin 499 ɗin a gwada. Zuwa Maradi da dawowa kilomita 240 ne. A lita 6, mai ya kama lita 14 da ɗoriya, wajen jika bakwai. A ce motar lita 8 da rabi take sha, abin da ba zai ba kowane makanike mamaki ba, an haura lita 20, jika goma ke nan. Jika uku a kowane sawu. Direban haya mai sawu ashirin a wata ya zubar da jika sittin a hanya, yana ta zargin yaron motarsa da tsotse tanki.

Hanyar ganewa ba ta bukatar komai sai biro da bayan rasit. A cika tanki a famfo har bindigar ta katse da kanta, a rubuta lambar kilomita. A yi harka kamar kullum. In an dawo a sake cikawa a famfon nan dai, a raba litar da ta shiga da kilomitar da aka yi, a ninka sau 100. Da kwalba ba ya yiwuwa, don ba kowace kwalba ce lita ba, kuma ba a san abin da aka gauraya a ciki ba. A lura kuma, motocin da suka fito daga Amurka da mil suke ƙirga tafiya, mil guda kuwa kilomita 1.6 ne, na san wanda ya yi wata biyu yana neman mai sayen Corollarsa don ya ɗauka rijiya ce, ashe mil yake karantawa. In agogon kilomitar ya mutu, kamar yadda yake a motocin tasha da dama, wayar hannu tana auna nisa, ko a yi amfani da hanyar da aka san tsawonta.

Awo ɗaya ba ya isa. A yi na kwalta daban, na daji daban, na ranar kasuwa da kaya daban, domin lambobi uku za su fito, kuma ta dajin ce ya kamata a yi ciniki da ita in wani ya zo neman shatar mota zuwa Bermo.